Slane da Tuddan Kogin Boyne: Kaburburan da Suka Girmi Dalar Masar

Matafiyin da ya bar Dublin, babban birnin Ayalan, ya miƙe hanyar arewa, kafin ya ci awa guda zai gangara wani kwari, ya haye tsohuwar gadar dutse a kan kogin Boyne, ya hau tudu mai tsayi, sai ya tsinci kansa a mararrabar ƙauyen Slane. Gidaje huɗu ne suka tsare wannan mararraba, kowanne a kusurwarsa, duk na toka-tokan dutse, hawa uku-uku, tsayi ɗaya, tagogi iri ɗaya, suna kallon juna. Mutanen gari sukan ce wasu 'yan'uwa mata huɗu ne da ba sa ga-maciji aka gina wa, don kowacce ta riƙa leƙen mai shiga da fita a gidan 'yar'uwarta. Masana tarihi kuwa sun ce tsari ne kawai na iyalan Conyngham, masu ƙasar, waɗanda suka zana ƙauyen a ƙarni na 18.

Mazauna Slane ba su wuce 1,500 ba, amma garin na da abin nunawa. A bakin kogi akwai ginin ma'aikatar niƙa alkama da aka kammala a 1766, wadda a lokacinta babu kamarta a ƙasar. Akwai fadar Conyngham, wadda filinta ke ɗaukar 'yan kallo kusan 80,000, inda tun 1981 manyan mawaƙa irin su U2 da Rolling Stones da Bob Dylan suka yi wasa. A gefen gari akwai ɗan gidan da aka haifi mawaƙi Francis Ledwidge, ɗan leburan gona, wanda aka kashe a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917. Sai dai duk waɗannan abubuwan shekaranjiya ne idan aka gwada su da abin da ke kilomita kaɗan gabas da ƙauyen, inda kogin ya yi wata babbar lanƙwasa. A cikin lanƙwasar nan akwai manyan tuddai uku da hannun ɗan Adam ya tara, Newgrange da Knowth da Dowth, tare da ƙananan kaburbura masu yawa. Yankin gaba ɗaya ana kiransa Brú na Bóinne.

Ba a zuwa Newgrange kai tsaye. Baƙo zai fara biyawa ta cibiyar baƙi da aka buɗe a 1997 kusa da ƙauyen Donore, a kudancin kogin, ya taka gadar ƙafa zuwa ɗaya tsallaken, sannan ƙaramar bas ta kwashe shi ta bi tsakanin gonaki da shanu masu kiwo. Tun daga nesa farar fuskar tudun ke ɗaukar ido. Faɗinsa ya kai kimanin mita 85, tsayinsa mita 13, kuma an ƙiyasta duwatsu da ƙasar da aka tara a kansa da tan 200,000. Manyan duwatsu 97 ne aka kwantar a gindinsa suka yi masa ƙawanya. Wanda ya fi shahara shi ne na bakin ƙofa, mai tsawon mita uku, wanda aka sassaƙe fuskarsa kaf da zane mai nannaɗewa kamar gammo, da wasu masu kusurwa huɗu, da layi guda a tsaye wanda ya yi daidai da tsakiyar ƙofar. Da dutse aka ƙwanƙwasa zanen nan, ɗigo bayan ɗigo, domin masu aikin ba su san ƙarfe ba.

Shiga ciki sai da sunkuyo. Hanyar siririya ce mai tsawon mita 19, an kafa dogayen duwatsu dama da hagu, wasu sun karkato har sai mai jiki ya juya kafaɗa kafin ya wuce. Ƙasa tana ɗan hawa a hankali ba tare da mai tafiya ya lura ba. Can ƙarshe sai wuri ya buɗe: ɗaki mai lungu uku, ɗaya a gaba, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kowanne da faffaɗan dutse mai ɗan zurfi inda ake ajiye ƙasusuwan matattu. Idan mutum ya ɗaga kai zai ga yadda aka yi rufin. An jera fala-falan duwatsu zagaye, kowane layi ya ɗan zarce na ƙasa da shi zuwa ciki, ana hawa ana tsukewa, har aka kai mita shida, sannan aka rufe bakin da dutse ɗaya. Babu siminti, babu laka mai riƙewa, nauyin dutse ne ke danne dutse. A saman duwatsun rufin, inda ido ba ya kaiwa, maginan sun sare 'yan magudanu don ruwan sama ya zurare waje, suka kuma toshe tsagogi da ƙonanniyar ƙasa da yashin teku. A ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa, ɗakin nan bai yi yoyo ba cikin shekaru 5,000.

Wannan ƙonanniyar ƙasa ce ta tona shekarun ginin. Gwajin kimiyya ya nuna an yi shi wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, wato ya girmi babbar dalar Giza ta Masar da kusan shekaru 600, ya kuma girmi da'irar duwatsun Stonehenge ta Ingila.

Maginan manoma ne da makiyaya. Kakanninsu sun tsallako teku zuwa Ayalan ƙarnoni kaɗan kafin nan, da irin alkama da sha'ir, da shanu da tumaki da aladu, suka sare daji da gatarin dutse. Ba su da doki, ba su da amalanke, ba su bar rubutu ba. Duk da haka ba su wadatu da dutsen da ke ƙofar gida ba. Manyan duwatsun an fi danganta su da gaɓar tekun Clogherhead, kimanin kilomita 20 arewa maso gabas. Farin dutse mai ƙyalli daga tsaunukan Wicklow ya fito, can kudu da Dublin. Mulmulallun duwatsu masu duhu kuwa daga gaɓar Dundalk aka kwaso su, ta arewa. Masana da dama na ganin ta ruwa aka yi jigilar, a bi gaɓar teku a shigo bakin Boyne, sannan a ja kaya zuwa kan tudu da igiya da gungume. Aiki irin wannan sai al'ummar da ke da rarar abinci, da masu faɗa a ji, da kuma haƙurin fara abin da watakila jikoki ne za su ga ƙarshensa.

Bayan wasu ƙarnoni gefen tudun ya zabtare, ƙofa ta binne, aka manta da masu shi. Daga nan kowane zamani ya zo sai ya naɗa wa tuddan sabon mai gida.

Tsofaffin labaran Ayalan, waɗanda malaman coci suka rubuta a tsakiyar zamani, sun ce gidan Tuatha Dé Danann ne, wasu halittu masu sihiri da suka shige ƙarƙashin ƙasa. Babbansu Dagda ne ya mallaki Newgrange, Boann wadda kogin ya ci sunanta ita ce uwar ɗansa Aengus, shi kuma Aengus da wayo ya karɓe gidan: ya roƙi aron dare da yini, da aka zo karɓa ya ce ai duniya duka dare da yini ce. Talakawa sun ci gaba da ɗaukar irin waɗannan tuddai a matsayin mazaunin aljanu, kuma tsoron taɓa su ya tsare da yawa daga garma da diga. A zamanin da Rumawa ke mulkin Birtaniya ma an riƙa zuwa ana binne tsabar kuɗin Rum da kayan zinariya a gaban Newgrange, alamar cewa wurin na da kwarjini ko a lokacin, duk da cewa Rumawa ba su taɓa cin Ayalan da yaƙi ba.

Knowth kuwa mutane ne suka hau kansa suka zauna. An haƙa masa ganuwa, ya zama mazaunin sarakunan Brega ta Arewa, aka gina gidaje da ramukan ɓuya a jikinsa. Littafin tarihin Ulster ya rubuta cewa a shekarar 863 mayaƙan Viking sun shiga kogwannin Knowth da Dowth suna neman dukiya. Addinin Kirista ma ta wannan kwari labarinsa ya bi: an ce a kan tudun Slane ne Patrick, wanda Kiristocin Ayalan ke ɗauka uban cocinsu, ya kunna wutar Ista a 433, ya saɓa dokar Sarki Laoghaire na Tara wadda ta hana kowa hura wuta kafin ta fada. Wanda ya hau tudun yau zai tarar da kangon coci da makarantar 'yan zuhudu na 1512, kuma in gari ya washe yakan hango Tara.

A 1142 aka kafa gidan zuhudu na Mellifont, 'yan zuhudun suka mallaki filayen lanƙwasar kogin suka yanka su gandu-gandu. Ɗaya daga cikin gandayen ne aka kira sabon gandu, wato Newgrange, sunan da ya bi tudun har yau. Sarki Henry na Takwas na Ingila ya rufe Mellifont a 1539, ƙasar ta koma hannun masu mulki. A watan Yulin 1690 kuma dakaru kusan 60,000 suka gwabza a wannan kwari, tsakanin Sarki William ɗan Furotesta da Sarki James ɗan Katolika, wanda ya kalli faɗan daga tudun Donore kafin ya tsere Faransa. Wani reshe na rundunar William ya tsallake kogin ne a Rosnaree, tsakanin Slane da Newgrange, ba tare da sojojin sun san abin da ke cikin tudun da suke wucewa ba.

Shekaru tara bayan yaƙin, a 1699, sabon mai gonar, Charles Campbell, ya buƙaci duwatsu, ya tura leburori su fasa gefen tudun. Suna cikin kwasa sai suka ci karo da dutsen nan mai zane, a bayansa kuma ga baƙin rami. Wani masani ɗan Wales, Edward Lhuyd, yana yawon bincike a Ayalan a lokacin, ya zo ya shiga ya rubuta abin da ya gani. Da ya ji an tsinci tsabar Rum a saman tudun, sai ya yanke cewa ginin ya riga zuwan Viking, kuma aikin mutanen ƙasar ne na dā. Waɗanda suka biyo bayansa ba su yarda ba. Thomas Molyneux ya ce mutanen Denmark ne suka gina. Thomas Pownall ya ce ya ga haruffan Finikiyawa a jikin dutse. Wasu suka kai abin Masar, wasu Indiya. A idon masu ilimin wancan zamani, waɗanda akasarinsu daga gidajen masu mulki suka fito, kakannin talakan da ke yi musu noma ba za su iya wannan aiki ba.

Baƙi suka riƙa zuwa da kyandir, wasu na sassaƙa sunayensu a jikin duwatsun ɗakin, sunayen da har yanzu ake karantawa. Dowth ya fi shan wahala. A 1847 masu tono da sunan bincike suka farke shi daga sama suna neman ɗakin tsakiya, ba su samu ba, suka tafi suka bar wawakeken rami wanda har gobe yake nan. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 hukuma ta karɓi kula da tuddan.

Bincike na haƙiƙa ya fara a 1962, lokacin da Farfesa Michael O'Kelly na jami'ar Cork ya kafa sansani a Newgrange, aikin da ya ci shi har 1975. Matarsa Claire ce ta bi zanen duwatsun ɗaya bayan ɗaya tana kwafewa. Leburorinsa da maƙwabta 'yan yankin sun sha gaya masa cewa iyaye na faɗin akwai lokacin da rana ke shiga har cikin ɗakin. Wasu sun ce a tsakiyar bazara ne. Masu digiri sun daɗe suna jin wannan magana suna watsarwa, a zatonsu an ari labarin Stonehenge ne aka liƙa. O'Kelly dai ya riƙe ta, saboda a wajen tono ya buɗe wata 'yar taga ta dutse a saman ƙofa wadda ba a gane amfaninta ba. Ya kuma lura cewa ƙofar na kallon kudu maso gabas, inda rana ke ɓullowa a tsakiyar hunturu, ba bazara ba.

Ranar 21 ga Disamba 1967, yini mafi gajarta a shekara, ya shiga ɗakin shi kaɗai tun da duhu. Jim kaɗan bayan rana ta leƙo daga bayan tudun da ke tsallaken kogi, wani siririn haske ya ratso ta tagar, ya bi hanyar nan mai mita 19, ya sauka a daɓen ɗakin, ya yi ta faɗaɗa har zanen duwatsu da rufi suka fito sarai. A nan aka gane dalilin hawan da hanyar ke yi: daɓen ɗakin ya yi daidai da tsayin tagar, ta yadda hasken da ya shigo ta ƙofa yakan tsaya a rabin hanya, na taga ne kaɗai ke kaiwa ciki. Abin yakan ɗauki minti 17, wajen ƙarfe tara na safe, cikin 'yan kwanaki kafin wannan rana da bayanta. Masu lissafin taurari sun nuna cewa shekaru 5,000 da suka wuce hasken na shiga ne daidai fitowar rana, yanzu kuwa yana makara da kusan minti huɗu saboda ɗan sauyin karkatar duniya. Mutanen ƙauye sun kuskure lokacin, amma maganarsu ta fi ta masu Finikiyawa kusa da gaskiya.

O'Kelly bai tsira daga suka ba. Ya tarar da farin dutsen a zube a gaban tudun, ya yi gwaji, ya yanke cewa bango ne ya rushe, don haka aka sake tayar da shi a tsaye, aka tallafe shi da kankare da rodi. Masu suka suka ce mutanen dā ba za su iya tsayar da irin wannan bango ba. Farfesa George Eogan, ɗan gundumar Meath, wanda shi ma ya fara tono a Knowth a 1962 ya kwashe shekaru kusan 40 a kai, ya samu irin wannan farin dutse, amma ya bar shi a shimfiɗe a ƙasa, a ganinsa daɓe ne na bakin ƙofa. Mai ziyara yau yakan ga fahimta biyu a tuddai biyu da ke kallon juna.

Eogan ya sha mamaki a Knowth. A 1967 ya gano hanya ta yamma, a 1968 ya gano wata ta gabas mai tsawon mita 40, su biyun sun kusa haɗuwa a tsakiya amma ba su haɗu ba. A ɗakin gabas akwai kwanon dutse mai zane wanda ya fi ƙarfin hanyar, dole sai da aka ajiye shi kafin a gina ɗakin a kansa. A 1982 aka tsinci kan sandar girma na dutsen ƙanƙara, an goge shi sumul an yi masa zane mai kama da fuskar mutum, yana gidan tarihi na ƙasa a Dublin. Duwatsun ƙawanyar Knowth sun kai 127, kuma babu wani wuri a yammacin Turai da ya tara zanen dutse na wancan zamani kamarsa.

Ƙasusuwan ma sun yi magana. A 2020 Dakta Lara Cassidy da abokan aikinta na kwalejin Trinity a Dublin suka wallafa sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta na wani namiji da aka samu a lungun dama na Newgrange. Iyayensa 'yan'uwan jini ne na kusa ƙwarai, watakila wa da ƙanwa, kuma yana da dangi na nesa a kaburburan Carrowmore da Carrowkeel, kilomita kusan 150 yamma. Masu binciken suka ce hakan na nuna gidan sarautar da ya ɗauki kansa sama da dokar kowa, irin na Fir'aunonin Masar. Suka kuma tuno da wani tsohon labari game da Dowth: Sarki Bresal ya tara mutane su gina masa hasumiya cikin yini guda, 'yar'uwarsa ta tsayar da rana da sihiri don kada yinin ya ƙare, shi kuma ya aikata abin kunya da ita, sihirin ya karye, duhu ya rufe, ma'aikata suka watse. Wasu masanan sun ƙi wannan fassara, suna cewa mutum ɗaya bai isa hujjar gidan sarauta ba, kuma ana ci gaba da ka-ce-na-ce.

UNESCO ta sanya Brú na Bóinne cikin wuraren tarihi na duniya a 1993. Kowace rana masu jagora kan kashe fitila a ɗakin su kunna wata da ke kwaikwayon shigowar rana. Mai son ganin ta gaske sai ya shiga ƙuri'a, wadda a wasu shekaru masu nema kan haura 30,000, kuma yaran makarantun firamare na yankin ne ke zaro sunayen 'yan kaɗan da za su shiga. Ko an ci ƙuri'ar ma sai an yi sa'a, don gajimare kan rufe sararin Ayalan a yawancin safiyoyin Disamba.

Maƙwabtaka da kayan tarihi na da nata nauyi. Gangaren da ke sauka kan gadar Slane ya ci rayuka fiye da 20, galibi sanadin manyan motocin da birki ya ƙwace musu, kuma mutanen gari sun jera fararen gicciye a gefen hanya don tunawa da su. Sun daɗe suna neman a yi hanyar da za ta kewaye ƙauyen, amma a 2012 hukumar tsare-tsare ta ƙi amincewa, saboda sabuwar gadar za ta matso kusa da yankin tuddan. Sai bayan shekaru fiye da goma aka gabatar da sabon tsari.

Ƙasar kuma ba ta gama fitar da abin da ke cikinta ba. A Yulin 2018 aka yi fari irin wanda Ayalan ta daɗe ba ta gani ba, gonaki suka ƙone. Anthony Murphy da Ken Williams suka tashi ƙananan jirage marasa matuƙi a kan wata gonar alkama kusa da Newgrange, sai ga wata ƙatuwar da'ira ta fito a hoto, faɗinta kusan mita 150. Inda aka taɓa kafa gungume shekaru dubbai da suka wuce, ƙasar ta fi riƙe danshi, shukar da ke kai ta fi kore. A wannan watan aka sanar da gano wani babban kabari mai shekaru kusan 5,500 a ƙarƙashin gefen gidan Dowth Hall, wanda aka gina a ƙarni na 18 ba tare da an damu da abin da ke ƙasa ba. A 2023 gwamnatin Ayalan ta sayi gidan da filayensa, hekta fiye da 200, don mayar da su gandun shaƙatawa na ƙasa.